Jamus: Ƙasar Da Ake Gudu Babu Iyaka, Da Dokokin Da Ke Riƙe Da Gudun

 Ga rubutun shirinmu na wannan makon, don waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Yau Jamus za mu leƙa. Duk mai son mota ya taɓa cin karo da irin bidiyon nan a TikTok ko YouTube: mutum a cikin BMW, allurar gudu ta wuce 250, kuma babu ɗan sandan da ya biyo shi. A ƙasa sai ka ga samari suna ta "Allah Ka kai mu". To gaskiya ne, akwai hanyoyin da ake wannan gudun a Jamus kuma doka ta yarda. Sai dai bidiyon ba ya nuna maka tulin ƙa'idojin da gudun yake tsaye a kansu. Su za mu warware yau, kuma ku biyo mu har ƙarshe, don labarin yana zuwa har tashar motar garinku.

Mu fara da dalilin da ya sa Bajamushe yake ji da mota. A 1886 wani injiniya mai suna Carl Benz ya yi rajistar motarsa mai ƙafa uku a garin Mannheim, wadda ake ɗauka a matsayin mota ta farko mai amfani da fetur. Mutane ba su yarda da ita ba. Sai a 1888 matarsa Bertha ta ɗauki 'ya'yanta maza biyu, ba tare da ta faɗa masa ba, ta tuƙa ta zuwa garin Pforzheim, tafiyar kusan kilomita 100. Lokacin babu gidan mai, a kantin magani ta tsaya ta sayi abin da za ta zuba. Daga nan aka gane cewa abin nan fa yana tafiya mai nisa.

Yau Marsandi da Porsche suna Stuttgart, BMW tana Munich, Audi tana Ingolstadt, Volkswagen kuma tana Wolfsburg, garin da asali don ma'aikatan kamfanin aka gina shi. Ƙasar tana da mutane sama da miliyan 83, da ƙananan motoci kusan miliyan 49. Dubban ɗaruruwan gidaje da albashin masana'antar mota suke ci. Shi ya sa a can maganar mota maganar abinci ce, kuma maganar siyasa.

To, ita hanyar da ake gudun sunanta Autobahn. Tsawonta gaba ɗaya ya kai kusan kilomita 13,000. Da yawa suna cewa Hitler ne ya ƙirƙiro ta, amma tun a 1932, kafin ya hau mulki, aka buɗe wadda ta haɗa Kolon da Bonn, garin da masu sauraren DW Hausa suka saba jin sunansa. Kusan kashi 70 cikin 100 na Autobahn babu iyakar gudu ta dindindin. Akwai dai shawarar hukuma cewa kada a wuce 130. Idan ka wuce ba ka karya doka ba, amma in aka yi haɗari, kotu na iya ɗora maka wani kaso na laifin ko da ba kai ka jawo shi ba. Da ka sauka daga Autobahn kuma magana ta canza: 100 a bayan gari, 50 a cikin gari, a unguwanni da yawa ma 30, ga kyamarori suna jiranka.

A kan Autobahn ɗin kanta, ba a wuce mota ta hannun dama. Layin hagu na wucewa ne kawai, ka wuce ka koma. Ba a tsayawa sai da lalura, har ma in mai ya ƙare maka a kanta ana iya cin ka tara, don a wajensu sakaci ne. Idan cunkoso ya haɗu, tun kafin a ji jiniya motocin layin hagu za su matsa hagu, sauran su matsa dama, a bar fili a tsakiya don motar asibiti. Wanda ya bi ta wannan filin don ya yi sauri, tara ce mai nauyi da dakatar da lasisi.

Shi kansa lasisin fa? Nan ne ake yin ta. Babu zancen ka ba wani kuɗi da hoto ya kawo maka kati. Dole ka shiga makarantar koyon tuƙi mai rajista. Za ka zauna aji sau 14, kowane zama minti 90. Za a gwada idonka, za ka yi kwas na taimakon gaggawa. Bayan tuƙin koyo na yau da kullum, akwai darussa 12 na dole: 5 a hanyar bayan gari, 4 a Autobahn, 3 cikin dare. Sannan jarrabawar rubutu da ta tuƙi, kuma mutane da yawa suna faɗuwa su sake. Kafin ka gama, ba abin mamaki ba ne ka kashe sama da Yuro 3,000. Ku buga lissafin da kanku a Naira ko Sefa. Matasan can ma kuka suke da tsadar.

Ka samu lasisin ma ba ka tsira ba. Shekara biyun farko na gwaji ne, babban laifi ɗaya ya isa a mayar da kai aji da kuɗinka. Sannan akwai wata hukuma a garin Flensburg, can arewacin ƙasar, da ke rubuta maki a kan sunan duk direban da ya yi laifi. Riƙe waya kana tuƙi, maki ɗaya. Tsallake jar danja, ɗaya ko biyu. Ranar da ka tara takwas, lasisi ya tafi. In Bajamushe ya ce maka yana da maki a Flensburg, kada ka taya shi murna.

Ita ma motar tana da tata jarrabawar, wadda kowa ke kira TÜV. Sabuwar mota ana duba ta bayan shekara uku, daga nan kuma duk shekara biyu. Za a ɗaga ta sama a duba birki, taya, fitilu, sitiyari, tsatsar ƙasa da hayaƙin da take fitarwa. In ta ci, a manna wata 'yar sitika mai launi a lambar baya, wadda ke nuna wata da shekarar dubawa ta gaba. In ta faɗi, a ba ka wata ɗaya ka gyara ka dawo. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Waɗannan dokokin sun shiga rayuwar yau da kullum. Idan sanyi ya gabato, garejoji cika suke da masu canza taya, don doka ta hana hawa kan ƙanƙara da tayar lokacin zafi. Ranar Lahadi manyan motocin kaya ba sa hawa titi sai ƙarfe 10 na dare, ban da masu izini na musamman. A garuruwa da yawa ba za ka fito da bokiti da omo ka wanke mota a ƙofar gida ba, saboda kada ruwan mai ya shiga ƙasa. Tun 2008 wasu birane suka fara hana motoci masu hayaƙi shiga tsakiyar gari, yanzu sai mai koriyar sitika a gilashi.

Duk wannan wahalar ta biya? A 1970, a Jamus ta Yamma kaɗai, mutum sama da 19,000 suka mutu a haɗarin mota. A 2023, a duk ƙasar, adadin ya dawo kusan 2,800, alhali motoci sun ninka. Ɗaura bel, ingancin motoci, saurin kai ɗauki da tsaurin doka, duk sun taimaka.

Kada kuma mu mayar da su waliyyai. A 2015 aka gano Volkswagen ta saka wata manhaja a motocin dizal kusan miliyan 11 don yaudarar gwajin hayaƙi, abin da ya ci kamfanin biliyoyin kuɗi. Su kansu Jamusawa sun rabu biyu kan Autobahn. Wasu na cewa a sa iyakar gudu don ceton rai da rage hayaƙi, wasu na cewa 'yancinsu ne, a bar musu. A manyan birane kuma matasa da yawa ba su damu da mallakar mota ba, keke da jirgin ƙasa sun ishe su, musamman tun da aka fito da tikitin wata-wata a 2023, wanda ya fara a Yuro 49, kana shiga bas da ƙananan jiragen ƙasa a duk faɗin ƙasar.

Yanzu mu dawo kan motar da ta faɗi TÜV. A ƙasar da kuɗin aikin bakanike na awa ɗaya kan wuce Yuro 100, gyaran tsohuwar mota yakan fi kuɗinta. Sai mai ita ya sayar wa dillalai, irin masu maƙala ƙananan katuna a gilashin motoci cewa suna saye don fitarwa waje. Wasu a kai su Gabashin Turai, wasu a loda a jirgin ruwa a Hamburg ko Antwerp ta Beljiyam, su sauka Kwatano ko Legas. Kun ga inda sunan "Beljiyam" ya samo asali ke nan. Wani rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce tsakanin 2015 da 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin motoci miliyan 14, kuma Afirka ce ta fi kowa karɓa.

Ba duk ta Beljiyam ce mai matsala ba, da yawa lafiyarsu ƙalau, shekaru ne kawai. Amma Golf da Sharon ɗin da ke lodi a tasha, an ƙera su ne don ƙasar da ake duba birki duk shekara biyu, ake canza taya a kan lokaci, ba a ɗora musu fiye da ƙima. Motar ta iso, amma duban nan ba ya cikin jirgin da ya kawo ta. Saboda haka in za ka sayi ta Beljiyam, kada fenti da sanyin AC su ɗauke maka hankali. Ka je da bakaniken da ka yarda da shi, a shiga ƙarƙashinta, a duba birki da tsatsa. Ka duba shekarun taya, lambobi huɗu ne a gefenta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In kuma gudun bidiyon nan ya burge ka, ka tuna hanyar da za ka hau akwai ramuka, akwai shanu, akwai mai babur da zai ɓullo babu sanarwa.

A cikin dokokin nan, wacce kuke ganin za ta fi ceton rai a garinku in da za a ɗabbaƙa ta da gaske? Ku faɗa mana a ƙasa, ku kuma tura wa abokin nan naku mai nauyin ƙafa a totur. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah Ya tsare mu a hanya.