Gwajin Ife: Yadda Gwamnati Ta Ɗauki Sakamakon Bincike Ta Bar Sharuɗɗansa

A shekarar 1970, masana daga sashen nazarin ilimi na Jami'ar Ife, wadda yanzu ake kira Jami'ar Obafemi Awolowo, suka shiga wata makarantar firamare mai suna St. Stephen's a Modakeke da wata tambaya: yaron da aka koya wa lissafi da kimiyya da harshen gidansu tun daga aji ɗaya har aji shida, gaba zai ci ko baya zai koma? Jagoransu shi ne Farfesa Aliu Babatunde Fafunwa, Gidauniyar Ford kuma ta ba da kuɗin aikin. Aka raba yaran. Wasu aka koya musu kowane darasi da Yarbanci har shekara shida, Turanci ya zama darasi guda a cikin darussa. Wasu kuma aka bi da su yadda aka saba, Yarbanci a shekaru ukun farko, daga nan a juya zuwa Turanci. A 1973 aka faɗaɗa gwajin zuwa ƙarin makarantu. Da aka auna, yaran da suka yi karatu da Yarbanci ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, a sauran darussa kuwa galibi sun fi su. Shekara hamsin da 'yan kai ke nan, amma har yau Najeriya tana jayayya a kan wannan tambaya kamar ba a taɓa amsa ta ba.

Dalili kuwa yana cikin abin da aka yi a Ife kafin yaro ko ɗaya ya zauna jarrabawa. Masanan ba su tsaya ga umartar malami ya riƙa magana da Yarbanci ba. Sun tara malaman jami'a da na kwalejojin horon malamai da na firamaren kansu, suka zauna suna rubuta littattafan lissafi da kimiyya da zamantakewa, na ɗalibi da na malami, aji bayan aji. Inda Yarbanci ba shi da kalma, sai a ƙirƙira ko a aro, a kai ta aji a ga ko yara sun kama. An sake horar da malamai, aka kuma damƙa darasin Turanci na ajin gwaji a hannun wanda ya ƙware a koyar da shi. Saboda haka abin da aka gwada a Ife ɗauri ne guda mai igiya huɗu: harshe da littafi da malami da sa ido. Ra'ayina shi ne, a nan ne amfanin binciken jami'a ke lalacewa idan ya iso teburin gwamnati. Ana zare jimla ɗaya mai daɗin faɗa a sa a takarda, a bar ɗawainiyar da ta haifi sakamakon, domin ita ce mai cin kuɗi.

Tarihin manufar ilimi ta ƙasa ya nuna haka. Kundin manufar da ya fito a 1977 ya amince a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da jama'ar wurin ke magana da shi, daga baya aka fayyace cewa a shekaru ukun farko ne. Ke nan an karɓi rabin shawarar Ife, rabin da shi ne ma aka riga aka saba da shi. Fafunwa da kansa ya riƙe Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya daga 1990 zuwa 1992, amma tsarin shekara shida bai zama gama-gari ba. Sai a ƙarshen 2022, zamanin ministan ilimi Malam Adamu Adamu, Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a duk shekarun firamare, tun a lokacin ma aka ce aiwatarwa sai an tanadi littattafai da malamai. A Nuwamban 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke manufar, yana mai cewa faɗuwa a manyan jarrabawa ta fi yawa a yankunan da suka rungumi harshen uwa.

Wannan hujja tana buƙatar a duba ta da idon basira. Yaron da ya rubuta jarrabawar kammala sakandare a 2025 ya bar firamare tun wajen 2019, shekara uku kafin a amince da manufar da aka ɗora wa laifi. Sannan yankunan da ake nufi su ne kuma ke fama da cunkoson aji da ƙarancin ƙwararrun malamai da talauci da rufe makarantu saboda rashin tsaro. Idan abubuwa biyar suka taru a wuri guda, ba a nuna ɗaya da yatsa a ce shi ne sanadi sai an ware shi an auna, kuma wannan warewar ita ce ainihin sana'ar mai bincike. Duk wanda ya san makarantun gwamnati na karkara ya san abin da ke gudana a ciki. Malam ya rubuta jimlar Turanci a allo, ya karanta, yara su amsa da ƙarfi baki ɗaya, sannan ya juyo ya yi bayani da Hausa. Littafin, in akwai shi, na Turanci ne, jarrabawa ma haka. Yaron bai iya karanta Hausa ba balle Turanci. Ba tsarin Ife ba ne wannan, don haka faɗuwarsa ba ta ƙaryata Ife ba.

Duk da haka masu suka suna da maganganun da ba za a share ba. Na farko, an daɗe ana cewa yaran Ife sun ci gajiyar kulawa ta musamman, da sababbin littattafai da malamai masu himma, ta yiwu waɗannan ne suka ɗaga su. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma shi ya sa gwaji ɗaya ba ya isa a gina manufar ƙasa a kansa. Sai dai an samu shaida daga wuraren da babu wannan gata. A Afirka ta Kudu, Stephen Taylor da Marisa von Fintel sun bi bayanan dubban makarantu, suna kwatanta yaran makaranta ɗaya kafin da bayan ta sauya harshen koyarwa. Suka gano cewa waɗanda suka yi ajujuwa ukun farko da harshen gida sun fi iya Turanci a aji huɗu zuwa shida. Abin ba mamaki ba ne: haɗa baƙi da wasali a fitar da ma'ana sau ɗaya ake koyonsa, kuma ya fi sauƙi a harshen da yaro ke ji. In ya iya, sai ya ɗauki dabarar ya shiga da ita wani harshen.

Suka ta biyu ta iyaye ce, kuma ta fi nauyi. Uba yana ganin takardar neman aiki da jarrabawar shiga jami'a duk da Turanci suke, yana kuma ganin masu tsara manufar 'ya'yansu na makarantun kuɗi inda ake Turanci tun daga rainon yara. Ba laifinsa ba ne in ya yi zargin ana so a bar nasa a baya. Amsar da za ta gamsar da shi ita ce ya ga Turancin ɗansa ya inganta, kuma Ife ba ta yi wasa da wannan darasi ba. Suka ta uku ita ce yawan harsuna, domin Najeriya na da fiye da 500. A aji guda a Jos ko Sabon Garin Kano za a iya samun yara masu harsuna goma. Wannan gaskiya ce, amma abin da take nunawa shi ne kada a yi wa ƙasar doka ɗaya daga Abuja. Ba dalili ba ne na hana yaron Ɓatagarawa ko Gumel, inda ajin kaf Hausa yake ji, abin da zai amfane shi. Hausa kuma ba daga tushe za ta fara ba: tana da daidaitaccen rubutun boko, da tarihin wallafa tun Hukumar Talifi ta Zariya, da sassan nazarinta a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato, ga kuma shirin koyar da karatu na Mu Karanta da aka gudanar a Bauchi da Sakkwato.

Jami'o'in ma suna da nasu alhaki. Binciken da ya ƙare a kundin digiri ko mujallar da kwamishina ba zai taɓa buɗewa ba, bai kammala aikinsa ba. Mai bincike ya kamata ya faɗi nawa tsarin zai ci a kan kowane yaro, malamai nawa ake buƙata, da abin da zai faru in aka rage ɗaya daga cikin sharuɗɗan. In ba haka ba, gwaji kan tsaya a gwaji: Nijar ta buɗe makarantar gwaji mai Hausa da Faransanci a Damagaram tun 1973, irin waɗannan makarantu kuma suka shafe shekaru da dama ana kiransu na gwaji. Ita kuma gwamnati, kafin ta kafa manufa ko ta rushe ta, ya kamata ta baje alƙalumanta a fili masana su tantance. Jihar da ke son sanin gaskiya tana iya zaɓar makarantu ta hanyar ƙuri'a, ta ba su littattafai da horo, ta ɗora wa wata jami'a aikin auna karatun yaran shekara shida, ta kuma yi alkawarin bin abin da awon ya nuna. Irin gwajin da aka fara a Modakeke ke nan a 1970, kuma har yanzu shi ne hanya mafi arha ta raba gardamar.