Buɗe Kasuwa Tsakanin Ƙasashe Biyu: Darasin Maroko

Idan ƙasashe biyu suka ƙulla yarjejeniyar ciniki maras shinge, abin da suka amince a kai shi ne kowace ta rage ko ta janye kuɗin fito a kan kayan ɗayar. Shugabanni kan sa hannu ana tafi, ana alkawarin aikin yi da sauƙin farashi. Amma wa ke cin riba bayan an watse? Maroko, wadda ta sha gwada wannan hanya, tana da amsa.

A shekarar 2006 yarjejeniyoyinta biyu suka fara aiki, ɗaya da Amurka, ɗaya da Turkiyya. A shekarar da ta gabaci wannan, kayan da Amurka ta sayar wa Maroko ba su kai na dala miliyan 500 ba, kuma abin da Maroko ke turawa can bai yi nisa da haka ba. Zuwa 2019, na Amurka ya haura dala biliyan 3, na Maroko kuwa ya tsaya wajen biliyan 1.6. Ciniki ya bunƙasa ta kowane ɓangare, sai dai giɓin ya faɗaɗa. Amurka na da man fetur, kayan jiragen sama, masara da waken soya jibge suna jiran kasuwa, Maroko kuwa ta dogara ne a kan takin zamani, lemu da tufafi.

Ko tufafin ma da sharaɗi. Ƙa'idar asalin kaya ta ce, a yawancin lokuta, sai zaren da yadin sun fito daga Maroko ko Amurka kafin riga ta shiga babu haraji. Mai masana'antar ɗinki a Kasabalanka da ya saba sayo yadi mai araha daga Asiya, sai ya ga ƙofa a buɗe amma ba da kayansa ba. Sannan a 2021 Amurka ta ɗora harajin kusan kashi 20 cikin 100 a kan takin Maroko, bisa ƙorafin wani kamfaninta cewa gwamnatin Maroko na tallafa wa masu yinsa. Ashe takarda ba ta hana babba kare nasa.

Da Turkiyya abin ya fi zafi. Riguna, yadin labule, kayan ɗaki da na girki suka cika kasuwannin Maroko, masu kyau kuma da araha. Mai saye ya ji daɗi, domin kuɗinsa sun ƙara auki. Masaƙu da teloli na gida kuwa suka shiga uku, ma'aikata da dama suka rasa abin yi. Da tura ta kai bango, gwamnatin Maroko ta ce ko a gyara yarjejeniyar ko a fasa. A 2020 aka amince da gyara: aka mayar da haraji a kan kayan Turkiyya kusan iri 1,200 na tsawon shekara biyar.

Akwai kuma asarar da ba a cika gani ba. Kuɗin kwastan babbar hanyar samun kuɗin shiga ce ga ƙasashe masu tasowa. Idan an janye shi, dole a cike gurbin ta wani harajin, kuma sau da yawa a kan talaka yake sauka.

Duk da haka, kuskure ne a ce buɗe kasuwa sharri ne zalla. Inda Maroko ta yi shiri, ta ci moriya. Ta buɗe babbar tashar jiragen ruwa ta Tanger Med a 2007, kamfanin Renault ya kafa masana'antar motoci kusa da Tanja a 2012, aka horar da matasa aiki. Da yake kayan masana'antunta na shiga Tarayyar Turai babu haraji, yau motoci da kayan haɗa su na sahun gaba a abin da ƙasar ke fitarwa.

Saboda haka, duk ƙasar da aka kawo wa irin wannan tayi, ta fara tambayar kanta: me muke yi da hannunmu da za a saya a can? Muna da wutar lantarki, hanya da tashar da za ta fitar da shi cikin sauƙi? Me aka tanadar wa waɗanda sana'arsu za ta durƙushe? Yarjejeniya tana share hanya ne kawai, mai kaya a hannu shi ke riga kowa bi.