Danna sifirin da hannu ba gwaji ba ne

A duk lokacin kwasar albasa gardamar nan takan taso a garejojin babura daga Galma Kudawace zuwa Madawa: ɗan kabu-kabu ya sa sabon sifirin a ƙafar baya, bai yi wani daɗewa ba babur ya zauna, sai a ce ai bai danna shi da kyau ba kafin ya biya. Mutum ya ɗauki sifirin, ya haɗa tafin hannu biyu ya matsa, in ya ji tauri ya ce na asali ne.

Wannan dannawar ba ta nuna komai game da inganci. Tun 1678 Robert Hooke na Ingila ya bayyana cewa lotsawar sifirin tana tafiya daidai da nauyin da aka aza masa. Taurin kuwa daga kaurin waya yake zuwa, da faɗin naɗi, da yawan zagaye. A ninka kaurin waya sau 2, tauri ya ninku sau 16. Irin ƙarfen kusan ba ya canza shi. Saboda haka sifirin na banza da na ƙwarai, muddin girmansu ɗaya, a hannu duk ɗaya za a ji su.

Bambancin yana can masana'anta. Bayan inji ya naɗe wayar, sai a gasa ta da zafin da aka auna don a kwantar da ƙarfen. A goge bakin biyu su zauna daidai. A yi ta harbin jikinta da ƙananan ƙwayoyin ƙarfe, abin da ke hana tsagewa farawa. A matse sifirin har zagayen su haɗu, a sake shi, a duba ko tsawonsa ya tsaya. Daga nan a zaɓi wasu a ɗora kan injin da zai yi ta danna su yana saki, sau dubbai har miliyoyi, a ga inda za su gaji. Kowane mataki kuɗi ne, kuma mai son araha zai iya tsallake shi ba tare da fenti ya tona asiri ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne maganin da wasu ke yi: sifirin ya zauna, a sa shi a wuta har ya yi ja, a ja shi ya miƙe. Maƙeranmu sun sani, wuƙar da aka mayar wuta aka bar ta ta huce da kanta ba ta ƙara riƙe kaifi. Sifirin zai dawo da tsawonsa, amma buhun farko a hanyar Buza zai sake kwantar da shi.

Masu lodi ma suna da nasu laifin, don babu sifirin babur da aka ƙera domin buhu biyu da fasinja. Sai dai mai saye ba shi da injin gwaji a kasuwa. Gwajin aikin hukuma ne a bakin iyaka, amma a can takardar kuɗin fito aka fi tambaya.