Gyaran Kafireto na Tsohuwar Mota

Zuwa ga manoma, da dagatai, da masu unguwa.

A ƙauyuka da yawa akwai tsohuwar akori-kura guda ɗaya wadda ita ke kai albasa da tumatir da gyaɗa kasuwa. Galibi Peugeot ce, 404 ko 504. Ita 504 an fara ƙera ta a Faransa a 1968, kuma masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975 ta yi shekaru da yawa tana haɗa ta. Yanzu an daina, motocin kuwa sun tsufa. In irin wannan mota ta mace a hanya da kwandunan tumatir cikin rana, hasarar ba ta mai mota kaɗai ba ce, ta kowane manomi ce da ya ɗora kaya. Sau da yawa abin da ke kashe ta ɗan ƙarfe ne da ke bisa inji, wanda a ke kira kafireto.

Aikin kafireto

Inji ba ya cin fetur zalla, sai an gauraya shi da iska, misalin kashi 15 na iska ga kashi 1 na fetur bisa nauyi. Kafireto shi ke wannan awo. A cikinsa akwai ɗan kwano inda fetur ke taruwa, da wani abu mai iyo wanda ke tura 'yar allura ta toshe hanya in kwanon ya cika. Daga nan iska ke zuƙo fetur ta waɗansu ƙananan hudoji na tagulla. In direba ya taka totur, wani ɗan faifai ne ke buɗewa, iska ta ƙaru.

Alamun ciwo

In fetur ya yi yawa, salansa za ta fid da baƙin hayaƙi, fulogi ya yi baƙi ƙirin, mota ta riƙa shan mai. Tun da a ka janye tallafin mai a 2023, wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce. In kuwa fetur ya kasa, inji zai yi ta tari, ya mutu a silo, ya gaza hawan tudu.

Amma fa kada a yi gaggawar ɗora wa kafireto laifi. A fara duba fulogi da wayoyin wuta, da matacin iska, da matacin mai. Ƙurar hunturu kan toshe matacin iska, mota ta yi baƙin hayaƙi alhali kafireto lafiyarsa lau.

Yadda a ke gyara

1. A bar inji ya huce, a cire wayar batir. Kada a sha taba, kada a kawo fitilar kwai kusa. A aje bokitin yashi, gama ruwa ba ya kashe wutar fetur, sai ya watsa ta.
2. A kwance kafireto, a jera kayansa bi da bi a kan tsabtataccen ƙyalle, don a san yadda za a mayar.
3. A wanke kwanon da tsabtataccen fetur, a zubar da laka da ruwan da su ka kwanta.
4. A hura hudojin da famfon taya. Kada a soka musu waya ko allura, don tagulla tana da taushi. In huda ta faɗaɗa, awo ya ɓaci ke nan har abada.
5. A girgiza abin nan mai iyo kusa da kunne. In an ji motsin mai a ciki, ya huje, sai a sake. Haka kuma allura, in bakinta ya ci.
6. A sa sabon gasket, a ɗaure kusoshi daidai wa daida, ban da matsi mai yawa.
7. A ta da inji, sai ya yi zafi sa'an nan a daidaita silo.

Yaushe za a sake sabo?

A kama sandar da faifan totur ke juyawa a kanta, a jijjiga. In tana rawa ƙwarai, ƙura ta cinye mazauninta, iska na shiga ta ɓarauniyar hanya, ba kuwa wankin da zai yi magani. Sai dai makaniki ya sa mata sabon zobe, ko a sayi wani kafireto. In za a saya, a tafi da tsohon a gwada lamba da lamba, gama na wata mota ba lalle ya dace ba.

Ga dagatai

Rigakafi ya fi magani. Ku gargaɗi masu motoci su tace duk man da su ka saya a kwalba ko jarka, su kuma duba matacin iska a kai a kai cikin rani. Injin ban ruwa na fetur shi ma da kafireto ya ke aiki, gargaɗin duk ɗaya ne. A yi gyara tun amfani yana gona, kada a bari sai daren kasuwa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai kaya kasuwa lafiya, amin.