Yadda ake ɗaukar motar tsere da filas a daren Turini

A watan Janairu ake tseren motoci na Monte Carlo, wanda aka fara tun 1911. Sashensa mafi shahara shi ne mashigin dutsen Col de Turini a kudancin Faransa, inda aka daɗe ana fafatawa da dare a kan ƙanƙara.

Mai ɗaukar hoto a nan da duhu yake fama, ga kuma gudu. Walƙiyar filas ce ke tsayar da motar cak a hoto, domin sau da yawa ba ta wuce kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa. Shi ya sa gwanaye kan bar idon kyamara a buɗe ɗan lokaci, su saita filas ya tashi dab da rufewa. Sai fitilu su ja dogon zaren haske a baya, motar kuma ta fito tsaf, har lambar ƙofarta da ƙanƙarar da tayoyi ke watsawa. In filas ya tashi tun farko, zaren a gaba zai faɗa, kamar motar na ja da baya.

Hasken filas ba ya cin nisa: in tazara ta ninka, kwatansa kaɗai ke isa. Wannan ke jan wasu su matsa bakin titi, ganganci ne kuwa. A tsaya inda masu kula da tseren suka yarda, a guji bayan kwana inda mota ke kwacewa, a haska ta daga gefe don kada a kashe wa direba ido.