Abin da Ya Sa Jan Fure Ke Gagarar Kyamara

Lokacin hunturu, bayan ganye ya kakkaɓe, gurjiya da minjirya kan fitar da furanni ja wur a kan tsirarun rassa. Duk wanda ya taɓa ɗaga waya ko kyamara ya ɗauki irin wannan fure da rana tsaka ya san abin da ke biyo baya. Ido ya ga jijiyoyi siri-siri, ya ga lanƙwasa, ya ga inda jan ya yi duhu wajen gindin furen. A hoto kuwa sai a tarar da dunƙulen ja sumul, babu jijiya babu inuwa, wani lokaci ma ya karkata zuwa ruwan lemo ko ruwan hoda. Abin haushin shi ne reshen da sararin sama sun fito tsaf, furen da aka ɗauki hoton dominsa shi kaɗai ya lalace.

Mutane da yawa kan ɗora laifin a kan arhar waya. Amma kyamarori masu tsada ma suna yin haka, domin matsalar tana cikin yadda aka ƙera su tun asali.

Ƙwayar da ke karɓar haske a cikin kyamara, wadda ake kira sensa, ba ta san launi ba. Ƙananan ɗigogi ne miliyoyi, kowanne yana auna yawan hasken da ya faɗo masa kawai. Don a sami launi sai aka rufe kowane ɗigo da matacin launi ɗaya: ja, kore ko shuɗi. Tsarin da yawancin kyamarori ke bi shi ne na Bryce Bayer, masani a kamfanin Kodak na Amurka, wanda aka yi wa rajista a 1976. A tsarin nan rabin ɗigogin kore ne, tunda idon ɗan Adam ya fi ganin kore, sai rubu'i ja, rubu'i shuɗi. Ke nan a kyamara mai ɗigo miliyan 12, miliyan 3 kacal ke ganin ja. Idan fure ja ne zalla, korayen da shuɗɗan ba su samun abin kirki, sauran kuma sai kyamara ta cike da kintace. Tun daga nan kaifin hoton ya ragu.

Babbar ɓarnar tana zuwa ne a gaba. A hoton JPEG, irin wanda waya ke ajiyewa, kowane launi cikin ukun nan yana da mataki daga 0 zuwa 255. Kamar mudu ne: idan ya cika ya yi tozo, duk hatsin da aka ƙara zubewa zai yi. A ce wani gefen furen ya cancanci 260, tsakiyarsa 300, inda rana ta fi bugawa 340. Dukansu za a rubuta su 255. Bambancin da ke tsakaninsu, wanda shi ne jijiya da lanƙwasa da inuwa, ya tafi ke nan. Masu hoto kan ce wurin ya ƙone.

Daga nan ne kuma launin yake sauyawa. Ja ya tsaya cak a 255, amma ɗan koren da ke cikin furen bai kai iyakarsa ba, yana ci gaba da hawa. Ja da ɗan kore idan sun haɗu a haske ruwan lemo suke bayarwa. In kuwa shuɗi ne ya hau, sai furen ya koma ruwan hoda.

To me ya hana kyamara ta gane tana ƙona furen? Ita haske take aunawa gaba ɗaya, kuma a lissafin hasken da allunan waya da kwamfuta ke bi, kore ke da kusan kashi 72 cikin 100, ja kusan 21, shuɗi kusan 7. Don haka ja ko ya kai maƙura, a wurin ma'aunin abu ne mai ɗan duhu. Idan aka yi rashin sa'a bayan furen ganye ne mai duhu, sai kyamara ta ga ai wurin nan na bukatar ƙarin haske, ta ƙara, jan da dama yake bakin iyaka ya tsallake. Hatta jadawalin haske da ke fitowa a bayan kyamara, wato histogiram, yakan rufe wannan asiri idan fari ne guda ɗaya. Sai an kunna mai launi uku sannan a ga jan ya jingina da bangon dama yayin da kore da shuɗi ke zaune lafiya a tsakiya.

Akwai kuma ƙarin gishiri daga kamfani. A hasken rana ɗanyen jan da sensa ke samu ba ya kai kore ƙarfi, saboda haka kyamara kan ninka shi, a yawancinsu kusan sau biyu, don farin abu ya fito fari. Bayan haka sai a ƙara wa launuka kauri, tunda masu saye sun fi son hoto mai sheƙi. Sau da yawa sensa ta riga ta kama jijiyoyin furen daidai, wajen wannan gyaran ne ake zubar da su.

Shi ya sa masu sana'ar ke ɗauka da tsarin RAW, wanda ke ajiye abin da sensa ta gani kafin a taɓa shi, da mataki 4,096 ko 16,384 maimakon 256. A kan kwamfuta sai a rage haske, a sassauta kaurin ja, jijiyoyin su dawo. Wayoyi da dama yanzu suna da shi a ɓangaren ƙwararru, sai dai fayil ɗin na cin wuri.

Wanda ba ya son wannan wahala yana da hanya mafi sauƙi, wato ya rage hasken kafin ya danna. A kyamara akwai maɓalli mai alamar +/-, a saukar da shi zuwa -0.7 ko -1. A waya kuwa a taɓa furen a allo, a ja alamar ranar da za ta fito ƙasa har sai jijiyoyin sun bayyana. Hoton zai ɗan yi duhu, amma duhu yana gyaruwa daga baya, ƙuna ba ta gyaruwa. Haka nan a fita daga salon launi mai sheƙi zuwa na tsaka-tsaki. Lokacin ɗauka ma na da tasiri: sassafe, ko ranar da hazo ko gajimare ya rufe rana, sun fi tsakar rana nesa ba kusa ba. In dole sai da rana, wani ya riƙe farin ƙyalle marar kauri tsakanin rana da furen, inuwar ta tausasa hasken. Dabarar ba ta fure kaɗai ba ce. Mai ɗaukar jar dara, ko jajayen kayan dogarai ranar hawan sallah, ko tulin tattasai a kasuwa, da matsala ɗaya yake fama.

Ko an yi duk wannan, da sauran rina a kaba wajen aikawa. JPEG kan adana bayanin haske cikakke amma ya rage na launi, sau da yawa zuwa rubu'i, don fayil ya yi sauƙi. Jan fure a kan koren ganye bambancinsu na launi ne fiye da na haske, don haka gefen furen ne ke fara dusashewa, manhajoji irin su WhatsApp kuma su sake matse hoton. Aika shi a matsayin fayil yana kauce wa wannan matsi na biyu.

Allon da za a kalla ma ya bambanta. Ma'aunin launi na sRGB, wanda HP da Microsoft suka fitar a 1996 kuma intanet ta ginu a kansa, bai kai zurfin jan wasu furanni ba. Display P3, wanda Apple ya sa a iPhone 7 a 2016 kuma wayoyi da yawa suka bi, ya fi shi faɗi ta ɓangaren ja. Hoto ɗaya zai iya fitowa da kyau a sabuwar waya, ya yi fayau a tsohuwar kwamfuta. Idan kuma aka kai shi wurin bugawa, yawancin injuna ba su da jar tawada, suna haɗa ruwan hoda mai kauri ne da rawaya, don haka mai son hoton gurjiyarsa a bango gara ya nemi a buga masa ƙaramin gwaji kafin ya biya kuɗin babba.