YADIN DA RUWA BA YA JIƘAWA: ASALINSA, AMFANINSA DA AIBINSA

Da damina ta kankama, kowa sai ya nemi abin da zai kare jikinsa: manomi da malfarsa, makiyayi da kabidonsa, ɗan birni da laimarsa. Amma yanzu kasuwanninmu cike su ke da waɗansu riguna marasa nauyi, da tantuna, da jakunkunan goyo na 'yan makaranta, waɗanda in ruwa ya zuba musu sai ya dunƙule ya gangare kamar a bayan agwagwa. Waɗansu sababbi ne, da yawa kuwa gwanjo ne daga Turai da Amurka. Mun ga ya kamata mu bayyana wa masu karatu yadda aka yi aka sami wannan yadi, da yadda ya ke aiki, da kuma dalilin da ya sa gwamnatoci da yawa suka fara kafa doka a kan maganin da a ke shafa masa.

YADDA AKA FARO

Neman tufar da za ta tsare ruwa ba yau aka fara ba. Mutanen ƙasashen ƙanƙara na wajen Alaska su kan ɗinka riga da hanjin dabbobin teku, masu jiragen ruwa na Turai kuwa su kan shafe yadin filafilan jirgi da mai su yi riga da shi. Cikin 1823 wani masani na birnin Gilasgo, Charles Macintosh, ya sami takardar mallakar wata dabara. Ya narka danƙo cikin wani mai da a ke samu wajen dafa kwal, ya shafa shi tsakanin yadi biyu, ya manne su. Rigar ta tsare ruwa ƙwarai, har yau ma da sunansa mutanen Ingila ke kiran rigar ruwa. Sai dai tana da wari, in sanyi ya yi ta sandare, in zafi ya yi ta yi danƙo. Ba a shawo kan wannan ba sai da Charles Goodyear a Amurka da Thomas Hancock a Ingila suka gano dafa danƙo da farar wuta, wajen 1839 zuwa 1844.

Duk da haka akwai sauran aibi guda. Rigar da ta hana ruwa shiga ta kan hana gumi fita, mutum ya tsira daga ruwan sama ya jiƙe da nasa. Thomas Burberry ya bi wata hanya dabam cikin 1879: ya shafa wa zaren magani tun kafin a saƙa, sa'an nan aka yi saƙar a matse ƙwarai, iska na ratsawa amma ruwa ba ya saurin shiga. Irin wannan yadi Roald Amundsen ya tafi da shi sa'ad da ya kai ƙuryar kudu ta duniya cikin 1911.

ZAREN DA BA A NOMAWA

Babban sauyi ya zo ne da aka sami zaren da ba a nomawa, ba a kuma aske shi daga jikin dabba. Cikin 1935 Wallace Carothers da mataimakansa a kamfanin DuPont na Amurka suka haɗa nailan. Da aka shiga Yaƙin Duniya na Biyu sai aka mai da shi wajen yin laimar dira daga jirgin sama, da igiyoyi, da tantunan soja. Cikin 1941 kuma waɗansu Turawan Ingila biyu, Whinfield da Dickson, suka haɗa zaren foliyesta, wanda aka sayar da sunan Terylene. Yau yawanci daga man fetur da gas a ke samun kayan haɗa su.

Fifikon waɗannan zaruruwa shi ne ba su shan ruwa kamar auduga. In an shanya su cikin ɗaki, auduga ta kan riƙe laima wajen kashi 8 cikin 100 na nauyinta, nailan wajen kashi 4, foliyesta kuwa bai kai kashi 1 ba. Saboda haka ba su nauyi in sun jiƙe, suna saurin bushewa, ba su kuma ruɓewa da wuri. Amma kada a ɗauka zaren kaɗai ya isa. Ko wace saƙa tana da kafofi tsakanin zare da zare, ruwa kuwa ba ya raina kafa. Don haka a ke ƙara wa yadin abu biyu, shafi a waje da shimfiɗa a ciki.

SHAFIN WAJE

Ruwa yana da wata ɗabi'a: sassansa suna jan junansu. In ya faɗa kan abin da ke jansa fiye da yadda ya ke jan kansa, kamar auduga ko takarda, sai ya baje ya shige. In kuwa ya faɗa kan abin da ba ya jansa, sai ya tattara kansa ya zama ƙwallo ya mirgine. Malaman makaranta suna iya gwada wa yara wannan da ganyen gwaza. A ɗiga masa ruwa, a ga yadda ɗigon zai yi ta yawo kamar tsakiya, ganyen kuwa a bushe. Dalili shi ne fuskar ganyen tana da kakin halitta da ƙananan ƙuraje da ido ba ya gani, ɗigon yana zaune ne bisa kawunansu, da iska a ƙarƙashinsa.

Abin da masu masaƙa ke kwaikwayo ke nan. Su kan tsoma yadin cikin magani, su gasa shi da zafi, maganin ya lulluɓe kowane zare, ba tare da ya toshe kafofin saƙar ba. Wanda ya fi shahara a farko shi ne Scotchgard, wanda Patsy Sherman da Samuel Smith na kamfanin 3M suka haɗa, aka fara sayarwa cikin 1956. Wannan shafi yana korar yayyafi da ruwa mara ƙarfi, amma ba ya tsare mamako. In aka daɗe cikin ruwa, ko aka zauna kan yadin, ruwan zai kutsa. A nan masu saye da yawa ke ruɗewa, gama yadi mai korar ruwa dabam, mai tsare ruwa dabam.

SHIMFIƊAR CIKI

Mai tsare ruwa shi ne wanda aka yi wa shimfiɗa a ciki. Mai araha a kan shafe bayansa da roba ne kawai, watau dabarar Macintosh ce da sabon kaya, da kuma tsohon aibinta na riƙe gumi. Mai tsada kuwa yana da labari. Cikin 1938 Roy Plunkett ya gano wata farar roba mai santsi, wadda aka sa wa suna Teflon. Cikin 1969 Robert Gore yana gasa sandunan wannan roba yana jansu a hankali, suna ta tsinkewa. Ran nan sai ya fizgi ɗaya da ƙarfi. Maimakon ta tsinke sai ta miƙe ninki da yawa, ta zama wata fata mai ƙananan kafofi, yawancinta iska. Daga nan aka sami Gore-Tex, wanda aka fara ɗinka tantuna da riguna da shi cikin 1976.

Bisa lissafin kamfanin, wurin da bai fi inci ɗaya tsawo da inci ɗaya faɗi ba yana da kafofi wajen miliyan 9,000. Ɗigon ruwa ya fi kowace kafa girma sau 20,000, ita kuwa ta fi ƙwayar tururi girma sau 700. Watau ruwan sama ba ya iya shiga, amma tururin gumi yana fita.

Akwai awon da a ke yi wa irin wannan yadi. A kan ɗaure shi a gindin bututu, a yi ta ƙara ruwa har ya fara tsatsa, sa'an nan a rubuta tsawon ruwan da milimita. Tantuna da yawa su kan ɗauki wajen 1,500, rigunan masu hawan duwatsu kuwa 10,000 zuwa 20,000.

Sai dai mu lura da abu guda. Tururi ya kan fita ne daga wuri mai ɗumi da laima zuwa wuri mai sanyi da bushewa. An yi waɗannan riguna domin ƙasashen sanyi. A ranar zufa ta cikin watan Agusta, sa'ad da iskar waje ta cika da laima, rigar ba za ta iya fitar da gumi sosai ba, kome tsadarta. A irin yanayinmu riga mai faɗi wadda iska ke shiga ta ƙarƙashinta ta kan fi daɗin sawa.

INDA GIZO KE SAƘAR

Maganin da ya fi korar ruwa da mai na cikin wani dangin sinadarai ne da a ke kira PFAS, masu ɗauke da fulorin. Ƙarfinsu shi ne aibinsu: rana ba ta karya su, ƙasa ba ta cinye su, jikin mutum ba ya saurin fitar da su. An same su cikin jinin kusan dukan mutanen Amurka da aka gwada, an kuma same su cikin ruwan sama har a Antatika.

Abin ya fito fili a yankin Parkersburg na jihar West Virginia, inda wani daga cikinsu, PFOA, ya shiga ruwan shan jama'a daga wata ma'aikata. Aka binciki mutum wajen 69,000. Zuwa 2012 masana uku da aka naɗa suka ce da alama akwai dangantaka tsakaninsa da cuta shida, cikinsu har da ciwon daji na ƙoda da na maraina, da hawan jinin mata masu ciki. Cikin 2023 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da aka tabbata suna kawo ciwon daji.

Gaskiya ita ce, ba sa rigar ne babban haɗari ba, gama yawanci ta ruwan sha da abinci su ke shiga jiki. Ɓarnar tana wajen yin yadin, da abin da ke zuba wajen wanki, da inda a ke yar da shi in ya tsufa.

Kamfanin 3M ya ba da sanarwar daina yin PFOS cikin 2000. Yarjejeniyar Stockholm, wadda Nijeriya ke cikinta, ta sa PFOS cikin jerin abubuwan da a ke taƙaitawa a 2009, ta hana PFOA a 2019. Jihohin Kalifoniya da New York sun hana sayar da yawancin tufafi masu PFAS daga farkon 2025, Faransa kuma ta zartar da irin wannan doka cikin shekarar. Masu masaƙa sun fara komawa ga kaki da silikon. Waɗannan suna korar ruwa, amma ba su korar mai, saboda haka rigar na bukatar wanki a kai a kai. Abin da mu ke tsoro shi ne kada kayan da aka ƙi a can su tarar da ƙofa buɗe a nan. Ya kamata hukumomin da ke duba kayan da a ke shigowa da su su sa ido tun yanzu, gama rigakafi ya fi magani.

SHAWARA GA MAI SAYE

Wanda zai sayi rigar ruwa ko tanti, ya juya cikinsa ya dubi ɗinkin. In ba a manna wa ɗinkin ƙyalle na roba ba, ta ramukan allura ruwa zai shiga. In shimfiɗar ciki tana ɓarewa ko tana danƙo, ta mutu, kada a saya, araha ba ta ado. A yayyafa ruwa kaɗan a gani ko zai dunƙule.

In riga ta daina korar ruwa, sau da yawa dauɗa da maiƙon jiki ne suka rufe shafin. A wanke ta da sabulu kaɗan, a ɗauraye sosai, sa'an nan a goge ta da dutsen guga mai ɗumi kawai, a sa ƙyalle a tsakani, gama ɗumi ya kan farfaɗo da shafin. Kada a bar tanti cikin rana ba dalili, don rana na cin ƙarfin nailan. Kada a naɗe shi a jiƙe. A nisanta yara masu irin wannan tufa daga murhu da fitila, gama nailan ya kan narke ya manne wa fata. In kuwa ta tsufa, kada a ƙone ta a bola ko a hura wuta da ita, hayaƙinta guba ne.

Riga guda mai kyau, wadda aka kula da ita ta yi damina goma, ta fi biyar da za a yar cikin shekara biyu, ga aljihun mai ita da kuma ruwan da jikokinsa za su sha.